GILASHI: SANDARARRE NE KO KUWA RUWA MAI TAFIYAR HAWAINIYA?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a makarantu da littattafan karatu, har da bakin waɗansu malaman kimiyya, cewa wai gilashi ba sandararren abu ba ne kamar dutse ko ƙarfe. Wai ruwa ne mai tsananin kauri, wanda yake gangarawa sannu a hankali ta yadda ido ba ya iya gani. Masu wannan magana suna da hujjar da suke kafawa. Suna cewa idan mutum ya je manyan majami'un Turai, kamar na Chartres a ƙasar Faransa ko na Canterbury a Ingila, waɗanda tagoginsu suka yi shekara 700 ko 800, zai tarar gilashin taga ya fi kauri daga ƙasa fiye da sama. To, in ji su, me zai kawo haka in ba gangarowa ya yi ba?

Maganar tana da daɗin ji, kuma wannan ne ya sa ta yi tsawon rai. Amma ɗalibin da zai zauna jarrabawa yana bukatar amsa tsayayya, haka nan injiniyan Ma'aikatar Ayyuka da zai sa hannu a kan takardar kwangilar gini. Ƙasashen da suke zuba guba mafi hatsari a duniya cikin gilashi don su binne ta shekaru dubbai kuwa, bukatarsu ta fi ta kowa. Saboda haka ya kamata a bi maganar daki-daki, a ga inda gaskiya take da inda kuskure ya shigo.

MENE NE GILASHI?

Tushen gilashi yashi ne. Yawancin yashi ƙwayoyin wani dutse ne mai suna kwaz, wanda masana suke kiran sinadarinsa silika. Silika zalla ba ta narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 1,700 a ma'aunin santigired, zafin da yake da wuyar samu a matoya. Don haka ake haɗa yashin da tokar soda, wadda 'yar'uwar kanwa ce, ita ce take sauko da zafin da ake bukata. Sa'an nan a ƙara farar ƙasa don kada ruwa ya riƙa cin gilashin bayan an gama shi. A gilashin taga da na kwalba, silika takan kai kimanin kashi 70 cikin 100, sauran kuwa yawancinsa soda ne da farar ƙasa. Ana narka wannan haɗi a zafin da ya kai kusan digiri 1,500, sa'an nan a sarrafa shi tun yana da laushi.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen Masar da na ƙasar da ake kira Iraƙi a yau suna yin ƙananan tuluna na gilashi tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Dabarar hura shi da bututu kuwa ta ɓullo ne a yankin Sham cikin ƙarni na ɗaya kafin haihuwarsa. A nan Nijeriya ma ba baƙon abu ba ne. Masagan Bida sun shahara wajen yin awarwaro da duwatsun wuya na gilashi, kuma kafin kwalaben Turawa su yawaita da kansu suke haɗa shi daga yashi da kanwa. A Ile-Ife kuma masu binciken kayan tarihi sun gano cewa an yi gilashi a wurin da ake kira Igbo Olokun tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

BAMBANCIN SANDARARRE DA MAI RUWA-RUWA

Tun daga firamare ake koya wa yara cewa abubuwa sun kasu gida uku: sandararru, masu ruwa-ruwa, da masu kama da iska. Ma'aunin da ake bambanta na farko da na biyu mai sauƙi ne. Abu mai ruwa-ruwa ba shi da siffa tasa ta kansa, duk mazubin da aka sa shi sai ya ɗauki siffarsa. Sandararre kuwa yana riƙe da siffarsa. Idan aka danna shi kaɗan zai ɗan lanƙwasa, in an sake shi ya koma yadda yake, in ƙarfin ya yi yawa ya karye. Bisa wannan ma'auni babu wata gardama, domin kofin gilashi ba ya bajewa a kan tebur.

To, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Da masana suka sami hanyar leƙa cikin abubuwa da hasken hoton ƙashi a farkon ƙarni na 20, sai suka ga ƙwayoyin zarra na gishiri da ƙanƙara da ƙarfe da dutsen kwaz a jere suke sahu-sahu, kamar sojoji a filin fareti. Wanda ya san inda guda ɗaya take zai iya faɗin inda ta dubu take. Da suka duba gilashi kuwa, ba su ga wannan jeri ba. Abin da suka gani ya fi kama da na ruwa, watau kamar taron jama'a a kasuwa, kowa yana kusa da na kusa da shi amma babu sahu.

Cikin 1932 wani masani ɗan asalin ƙasar Norwe mai koyarwa a Jami'ar Chicago, William Zachariasen, ya bayyana yadda abin yake. Ya ce a cikin gilashi kowace ƙwayar silikon tana riƙe da ƙwayoyin oksijin guda huɗu, daidai yadda take a dutsen kwaz. Bambancin kawai shi ne, a dutsen kwaz saƙar tana maimaita kanta kamar gidan zuma, a gilashi kuwa saƙar a hargitse take kamar tsohon taru, wani ido babba wani ƙarami. Amma ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin yana nan da ƙarfinsa. Bayan shekara 80, cikin 2012, masana a Jami'ar Cornell ta Amurka tare da takwarorinsu na Jamus sun ɗauki hoton wani gilashi mafi siranta da aka taɓa gani, sai ga hoton ya yi daidai da zanen da Zachariasen ya yi da hannunsa.

Daga nan ruɗanin ya samo asali. Wani masanin Jamus, Gustav Tammann, wanda ya wallafa littafi a kan gilashi cikin 1933, ya kwatanta shi da ruwan da ya yi sanyi fiye da kima har ya daskare. Da maganar ta bi baki zuwa baki, sai kalmar daskarewa ta faɗi a hanya, aka bar ruwa kaɗai. Ƙwayoyin gilashi a hargitse suke kamar na ruwa, wannan gaskiya ne. Amma na ruwa suna yawo, kowace tana sauya maƙwabta sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Na gilashi kuwa an kama su an tsayar, kowace tana inda sanyi ya riske ta.

SIRRIN TAGOGIN MAJAMI'U

To, in haka ne, me ya kawo kaurin da ake gani a ƙasan tsofaffin tagogi? Amsar tana ga yadda aka yi su. Mutanen wancan zamani ba su da injin da zai shimfiɗa gilashi daidai wa daida. Hanya ɗaya da suke bi ita ce, mai sana'a ya ɗebi narkakken gilashi a bakin bututu, ya hura shi ya zama kamar buta, ya buɗe bakinsa, sa'an nan ya riƙa juya shi da sauri a gaban wuta har ya baje ya zama faifai. Irin wannan faifai yana da kauri a tsakiya, yana kuma yin sirara zuwa gefe. Hanya ta biyu ita ce a hura shi ya yi tsawo kamar ganga, a tsaga shi, a shimfiɗe. Ko ta wace hanya aka bi, guntun da aka yanka daga ciki gefe ɗaya yakan fi ɗaya kauri.

Mai ɗaura taga kuwa, da ya ga haka, yakan sa gefen da ya fi nauyi a ƙasa don ya fi zama, kamar yadda magini yake sa manyan duwatsu a gindin katanga. Kuma ba kullum yake yin haka ba. Masu gyaran tsofaffin tagogi sun sha tarar da gilashin da kaurinsa yake sama, ko kuwa yake gefe. Idan gangarowa ce, ai ruwa ba ya gangarawa sama. Bugu da ƙari, da darma ake ɗaure waɗannan gilasai, kuma darma ta fi gilashi laushi nesa ba kusa ba. Da a ce shekara 800 ta isa ta sa gilashi ya kwarara, da darmar ta riga ta zube tun tuni.

Gilashi mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, irin wanda ake gani a ofisoshi yanzu, sabon abu ne. Cikin 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar da Alastair Pilkington ya ƙirƙiro, watau a zuba narkakken gilashi a kan tafkin narkakkiyar kuza, ya yi iyo a kai ya baje sumul. Da wannan hanya ake yin kusan dukkan gilashin taga na duniya a yau.

SHAIDAR TSOFAFFIN KAYA

Masu iya magana suna cewa gani ya kori ji. Akwai gilasan da suka girmi tagogin Turai da shekaru masu yawa, kuma suna nan ana ganinsu. Kwalabe da kofuna na zamanin Rumawa, masu kusan shekara 2,000, suna ajiye a gidajen tarihi ba tare da gindinsu ya kumbura ba. A Igbo-Ukwu ta Jihar Anambra, inda Thurstan Shaw ya yi haƙa tsakanin 1959 da 1964, an tono duwatsun ado fiye da 165,000, da yawansu na gilashi, waɗanda suka yi kimanin shekara 1,000 a ƙarƙashin ƙasa. Hudarsu ta zare tana nan a buɗe.

Akwai ma gilashin da ba hannun mutum ya yi ba. Dutse mai aman wuta yakan fitar da wani baƙin gilashi, wanda mutanen farko suka riƙa fasawa suna yin wuƙaƙe da kan mashi. Waɗansu daga cikinsu sun yi shekaru dubbai, amma har yau suna iya yanka. Bakin wuƙa shi ne wuri mafi siranta, da gilashi yana kwarara shi ne zai fara dakushewa. A hamadar da ke iyakar Masar da Libiya kuma ana tsintar wani gilashi mai ruwan ɗorawa wanda ya yi kimanin shekara miliyan 29. Daga shi aka sassaƙa buzuzun da ke jikin abin wuyan Fir'auna Tutankhamun.

Shaida mafi ƙarfi kuwa tana wajen masu nazarin taurari. Ana goge gilashin madubin hangen nesa har kuskurensa ya gaza kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma in ya sauya siffa ko da kaɗan ne, hoton tauraro zai dagule. Babban madubin Yerkes na Amurka, mai faɗin inci 40, an kafa shi cikin 1897, ya kuma shafe fiye da shekara 100 ana duba sama da shi. Da gilashi yana gangarowa har ido ya gani cikin ƙarni takwas, da wannan madubi ya lalace cikin 'yan watanni.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Masana suna da ma'aunin kaurin abu mai kwarara. Zuma ta fi ruwa kauri sau dubbai. Kwalta kuwa abin mamaki ce, domin in an buga ta da guduma sai ta farfashe kamar dutse, alhali kuwa tana kwarara. Cikin 1927 Farfesa Thomas Parnell na Jami'ar Queensland a Ostireliya ya narka kwalta ya zuba a mazurari, ya bar ta ta zauna shekara uku, sa'an nan ya yanke bakin mazurarin cikin 1930. Ɗigo na farko ya faɗo cikin 1938, na tara kuwa sai cikin 2014. Farfesa John Mainstone, wanda ya kula da gwajin fiye da shekara 50, ya rasu cikin 2013 bai taɓa ganin faɗuwar ɗigo ko ɗaya da idonsa ba. An ƙiyasta cewa wannan kwalta ta fi ruwa kauri sau biliyan 230. Ga abin da ake nufi ke nan da ruwa mai tafiyar hawainiya, kuma shekara goma ta isa a ga tafiyarsa.

Gilashi fa? Cikin 1998 Farfesa Edgar Zanotto na Jami'ar Tarayya ta São Carlos a ƙasar Birazil ya zauna ya lissafa tsawon lokacin da gilashi zai ɗauka kafin ya kwarara a zafin ɗaki. Shekara guda bayan haka shi da Farfesa Prabhat Gupta suka sake tace lissafin, suka sami adadin shekarun da sai an rubuta 1 a jera mata sifiri 23. Shekarun da masana suke ba sararin samaniya baki ɗaya kuwa ba su wuce biliyan 14 ba, watau 14 da sifiri tara kacal.

An yi ƙorafi cewa gilashin da aka yi lissafin a kansa ba irin na mutanen da ba ne. Saboda haka cikin 2017 masana a kamfanin Corning na Amurka, cikinsu har da John Mauro, suka haɗa gilashi mai sinadarai irin na tsofaffin tagogin majami'ar Westminster ta Landan, suka auna. Sun tarar ya fi yadda ake zato laushi ƙwarai da gaske. Duk da haka, iyakar abin da zai gangara cikin shekara biliyan ɗaya bai wuce nanomita guda ba, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Gashin kan mutum ya fi wannan kauri sau dubbai masu yawa.

INDA GIZO YAKE SAƘAR

Mai karatu zai iya cewa to magana ta ƙare. Ta wajen tagogi ta ƙare, amma akwai sauran rina a kaba. Ruwa yana zama ƙanƙara a digiri sifiri daidai, nan take ƙwayoyinsa su jeru, ya fitar da zafi, ya zama wani abu dabam. Gilashi ba ya yin haka. Yayin da yake hucewa yana ƙara kauri ne a hankali, daga kamar kunu zuwa kamar danƙo, har ya kafe a wajen digiri 550 idan na taga ne. Kuma wannan mataki ba tsayayye ba ne. In aka sanyaya shi da sauri zai kafe a zafi mai ɗan yawa, in aka bi shi a hankali sai ya kafe a zafin da bai kai haka ba.

Masu dafa alewa sun san wannan hali ko da ba su san sunansa ba. In aka dafa sukari aka bar shi ya huce da sauri, sai ya zama garau mai ƙyalli, yana fashewa kamar kwalba, domin ƙwayoyinsa ba su sami sukunin jeruwa ba. In ya daɗe a ajiye ya sha laima, sai ya koma gari-gari. A wajen masana, alewa ma gilashi ce. Haka nan cikin 1960 Pol Duwez da abokan aikinsa a Kalifoniya suka sanyaya narkakken zinariya haɗe da silikon cikin tsananin sauri, suka sami gilashin ƙarfe na farko. Ashe gilashi hali ne da abubuwa da yawa suke iya shiga, in an hana su lokacin shirya kansu.

Domin an tsayar da ƙwayoyin ne ba su shirya ba, ba su da cikakkiyar natsuwa. Suna ɗan matsawa kaɗan-kaɗan don neman mazauni mafi daɗi. James Joule, masanin nan na Ingila, ya lura da haka tun ƙarni na 19, sa'ad da ya ga alamar sifiri ta ma'aunin zafinsa tana gusawa a hankali har kusan shekara 40, saboda kwalbar ma'aunin tana ɗan tsukewa. Wannan tsukewa ce ta ciki, ba gangarowa ba ce saboda nauyi. Amma ita ce ta sa cikin 2017 Zanotto da Mauro suka ba da shawarar a ɗauki gilashi a matsayin hali na musamman: siffar cikinsa ta ruwa ce, aikinsa na sandararre ne a duk tsawon lokacin da ya shafi ɗan Adam, makomarsa kuma, in lokaci ba shi da iyaka, ita ce ƙwayoyinsa su jeru.

Dalilin da ya sa ruwa yake kafewa haka, ba tare da siffar cikinsa ta sauya sosai ba, shi ne masana suke muhawara a kai. Cikin 1995 Philip Anderson, wanda ya ci lambar Nobel a 1977, ya ce watakila wannan ita ce matsala mafi zurfi da ta rage a ilimin sandararrun abubuwa. Cikin 2021 kuma aka ba Giorgio Parisi na ƙasar Italiya wannan lamba saboda aikinsa a kan abubuwa masu hargitsattsen tsari, waɗanda gilashi yake cikin danginsu.

AMFANIN SANIN HAKA

Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Cikin 1978 ƙasar Faransa ta fara narka dagwalon tashoshin nukiliya tare da gilashi a Marcoule, tana zubawa cikin tukwanen ƙarfe, domin gilashin ya riƙe gubar shekaru dubbai. Igiyoyin sadarwa da suka ratso teku suka sauka a Legas, waɗanda tarho da intanet suke bi ta cikinsu, zaren gilashi ne mai sirantar gashi. Duk waɗannan an gina su ne a kan tabbacin cewa gilashi yana tsayawa inda aka ajiye shi. Saboda irin wannan muhimmanci ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2022 a matsayin Shekarar Gilashi ta Duniya.

Ga ma'aikacin da yake kula da gine-ginen gwamnati, darasin a fili yake. Idan gilashin taga ya tsage, a nemi dalili wajen firam da ya matse shi, ko zafin rana da ya bugi gefe ɗaya ya bar ɗaya, ko rashin barinsa ya huce a hankali tun a masana'anta. Idan ya yi hazo-hazo, laima ce ta ci sodar da ke fuskarsa, abin da yakan faru in an jingine gilasai a haɗe cikin sito mai danshi. Idan kuwa kaurinsa bai daidaita ba, haka aka kawo shi, kuma ɗan kwangila ne zai yi bayani, ba shekaru ba.

Ga ɗalibi kuma, amsar da zai rubuta ita ce: gilashi sandararren abu ne wanda ƙwayoyinsa ba su jeru sahu-sahu ba. Ya kuma kamata malamai da masu tsara manhaja su duba littattafan da ke hannun yara, duk inda aka ga labarin tagogi masu kwarara a gyara shi. Maganar ta yi shekaru da yawa tana yawo kafin wani ya ɗauki alƙalami ya lissafa ta cikin 1998, kuma lissafin bai ci shafuka masu yawa ba. Matambayi dai ba ya ɓata.